Audugar Matan Izbat Sha'alan

SHAFI NA 31

Masu cika mini waya da saƙo tun kafin in wanke ido, ga shi nan, sai ku bar ni in sha shayina. Wadda ta ce na fiye jan rai kuma, na ji, ban tuba ba.

*

Motar Doktora Ihsan ba ta samu fita ba.

An gama lodi tsaf, buhu goma sha takwas, an ja igiya an ɗaure, direba har ya tada inji. Sai ga taraktar Hajj Metwalli ta shawo kwanar masallaci tana tari, ta zo ta gitta a bakin lungun, aka kashe ta. Lungun gidan su Awatif kuwa bakinsa ɗaya ne, dama ƙorama, hagu katanga.

Awatif tana tsaye a ƙofar gida tana kallo.

Shekara uku ita da mata takwas suna fama da gonar da mahaifinta ya bar mata. Ba feshi, ba takin kanti. In tsutsa ta zo, sai su bi ganye ɗaya bayan ɗaya suna tsince ƙwanta da hannu, ana tsaye a bakin hanya ana yi musu dariya. Shekara biyun farko ba a ma karɓi audugarsu ba, an ce sai ƙasa ta gama zubar da dafin da ta sha. Bana ne masu dubawa suka zo daga birni, suka ɗebi ƙasa da ganye, suka sa hannu. Waɗannan buhunan su ne na farko da Doktora za ta kai 'yar ma'aikatarta da ke cikin birnin Fayyum.

Hajj Metwalli ya sauko a hankali, yana tattare jallabiyarsa. Yayan mahaifin Awatif ne, shi ne babba a dangi, kuma shi ke da shagon maganin feshi guda ɗaya tal a garin. Bayansa ga mazan gidan shayi sun biyo, wasu da kofi a hannu, don an riga an yi musu albishir ɗin kallo.

"Baffa, barka da safiya," in ji Awatif.

Ya zura hannu a aljihun ƙirji ya zaro wani ɗan kwali fari, ya jefa mata. Kwalin ya faɗi a gaban ƙafarta.

"Ɗauki."

"Na san abin da ke ciki, Baffa."

"Ke kin sani. Ni sai jiya na sani, a tsakiyar mutane." Ya juya ga mazan, don su yake yi wa maganar. "Na shiga kantin magani a birni in sayi na hawan jini. Ina ɗaga kai sai ga sunan garinmu a bango, da manyan baƙaƙe. Ga hoton gonar ƙanena, Allah ya ji ƙansa. An rubuta wai daga bana audugarsu daga hannun matan Izbat Sha'alan za ta fito. Wallahi har daɗi na ji. Na ce wa yarinyar kantin, wannan gonar gidanmu ce, me ake yi da audugar? Yarinya sa'ar jikata ta sunkuyar da kai, ta miƙo mini wannan."

Sabrin, wadda duk cikin matan tara ita ce bakinta ba shi da linzami, ta leƙo daga bayan mota.

"Da kuɗinka ka saya, Hajj? Wane girma ka ce a ba ka?"

Mata suka cusa bakin mayafi a baki. Wani daga cikin mazan ya ƙware da shayi.

Wuyan Hajj ya kumbura. "Ki ji irin matan da kika tara. Kin ce wa dangi audugar asibiti ce. Haka kika ce ko ba haka ba?"

"Haka na ce."

Haka ta ce ɗin kuwa. Ta ce wa Baffa, ta ce wa limami, ta ce wa mijinta a waya, har mahaifiyarta haka ta gaya wa. Matan takwas ne kaɗai suka san gaskiya. Awatif ba matsoraciya ba ce, duk garin an sheda, amma a wannan magana ɗaya tsoro ta ji, ta lulluɓe shi da sunan asibiti ta ci gaba da harkarta. Yau ga shi an yaye a gaban gidan shayi kaf.

Ta sunkuya ta ɗauki kwalin.

"Mayar da shi aljihu," in ji Hajj. "Ban ce ki buɗe ba."

Ta buɗe. Ta zaro guda ɗaya, ta yage takardar da aka naɗe ta, ta ɗaga sama yadda na baya ma zai gani. 'Yar dunƙulalliyar auduga ce, tsawon ɗan yatsa, da zare a gindi.

"Ga abin kunyar," ta ce. "Ku kalla da kyau, kar a ba ku labari. Audugar mata ce, wadda mace ke sakawa a jikinta in tana jinin al'ada."

"Awatif, akwai maza a nan."

"Mazan daga ina suka fito, Baffa?"

Ta sa yatsu ta warware dunƙulen, ya buɗe ya zama auduga sak, irin wadda kowa a wurin ya girma yana tsinka.

"Ba leda, ba turare, ba maganin da ake faranta ta da shi. Auduga ce da zare. Ita ce kuke sawa a kai ku yi rawani, ita ce za a naɗe mu da ita ranar da muka mutu. Sai da ta zo kan mace ta zama ƙazanta?"

"Sunan garinmu a kan abin haila," Hajj ya ce, yana buga sandarsa a ƙasa. "Gobe ɗanmu ya je neman aure a wani gari, a ce daga ina, ya ce Izbat Sha'alan, a ce au, garin masu ƙunzugu. Kuma wa ya san abin da wannan zai yi wa 'yan matanmu?"

Doktora Ihsan ta matso. Tsohuwar ungozoma ce, ta yi shekara ashirin tana karɓar haihuwa kafin ta buɗe ma'aikatar. "Hajj, ba wadda ake tilasta wa. Muna yin ta shimfiɗawa ma, da audugar nan dai. Kowace mace ta ɗauki wadda hankalinta ya kwanta da ita."

"Ke baƙuwa ce, Doktora. Ki sha shayinki, a bar dangi su yi magana."

"To ni 'yar gida ce," in ji Awatif. "Baffa, juya ka kalli ƙoramar da ke bayanka. Bara da bututun gonarka ya toshe, ka kawo mutum uku suka yini suna tona, me suka ciro?"

Bai juya ba.

"Ba za ka faɗa ba, ni zan faɗa. Audugar kanti ce, mai leda, tuli guda. Namu ne, na matan garin nan. Muna ƙunshewa a ɓoye mu jefa a ruwa don kar ku gani, ita kuwa ba ta ruɓewa, sai ta je ta jira ku a bakin gona. Da ruwan kuke shayar da tumatir. Wannan ta hannuna in an binne ta, ƙasa za ta koma. Akwai kuma wata a nan, ba zan kama suna ba, shekara da shekaru duk wata sai jikinta ya saɓule saboda leda da turaren..."

"Kama sunana mana," Sabrin ta katse ta. Ta fito fili ta riƙe ƙugu. "Ni ce. Kwana bakwai nake yi ina tafiya kamar agwagwa, kuna cewa yanga ce. Tun da Doktora ta ba ni ta auduga zalla ban sake sosawa ba. Ga mijina nan a cikinku, ku tambaye shi."

Mijin nata ya dubi cikin kofinsa kamar an ce masa akwai zinariya a ƙasa.

Hajj ya ga magana tana neman kuɓuce masa, sai ya daina jayayya ya koma umarni.

"Ban zo muhawara ba. Za a sauke buhunan nan a ɗora a taraktata. Zan haɗa da tawa in kai inda ake kai audugar mutanen kirki, a yi riga da ita. Ba abin da za ku rasa."

"In ta taɓa taka ta mutu, Baffa. Taka sau shida aka yi mata feshi."

"Auduga auduga ce."

"A wurinka."

Ya waiga yana neman wani. "Ragab. Ina Ragab? Kai ne mijin ko ita ce? Ka ce a sauke."

Ragab yana jingine da katanga tun da aka fara. Kwanansa tara da dawowa daga ƙasar Urdun, inda ya yi shekara huɗu yana ɗaukar siminti. Mutum ne mai sanyi, mai son a ce ya yi wa matarsa wani abu. Tun da Awatif ta warware audugar nan fuskarsa ta canza, ya yi fari fat.

"Gonarta ce, Hajj," ya ce, muryarsa can ƙasa.

Awatif ta dube shi, abin ya soke ta. Ta ɗauka kunyarta yake ji. Ta kawar da kai, ta ce a ranta wannan sai an shiga ɗaki.

Sai ƙofar gida ta buɗe.

Mahaifiyarta ce, Tafida, ɗauke da tiren gurasar fatir da ta tashi tun asuba ta gasa wa baƙuwa, ga zuma ga tsohon cuku a gefe. Duk faɗin Fayyum ba wanda Awatif take tsoro sai wannan ƙanƙanuwar tsohuwa. Mace ce da ko wankin kayan cikinta ba ta taɓa shanyawa a inda rana za ta gani ba. Yanzu kuwa ta ji komai ta taga.

Tsohuwar ta ajiye tiren a kan dakali. Ta miƙa hannu, Awatif ta sa mata warwararriyar audugar a tafi. Ta murza, ta kai hanci ta shinshina.

"Wannan ce audugar asibitin?"

"Ita ce, Umma. Ki yafe ni, na ji nauyin..."

"Yi mini shiru."

Hajj ya gyara tsayuwa. "Yawwa, Ummu Awatif. Gaya mata da bakinki."

Tafida ta juyo ta dube shi daga rawani har takalmi.

"Metwalli, me ka kira ni?"

"Ummu Awatif."

"Duk garin nan da sunan ɗa namiji ake kiran uwa. Ni kaɗai ake kira da sunan mace. Ka taɓa tambayar dalili?"

"Allah ne bai ba ki wani ba. Wannan ba wurin..."

"Nan ne wurin. Kai ka tara mutane, ba ni ba."

Ta zauna a bakin dakalin, ta ɗora hannu a gwiwa. Ba ta ɗaga murya ba, mutane ne suka matso.

"Shekarar da na yaye yarinyar nan, lokacin da jirgi ne ke zuwa feshi. Tsofaffinku sun tuna. Ya wuce ranar Talata, ranar Alhamis muka shiga gonar babanku. Ganye yana ta ƙyalli, wari har cikin maƙoshi. Rana ta take sai al'ada ta zo mini, ban shirya ba, gida da nisa, kai kana tsaye a kanmu da sanda kana cewa ba mai fita sai la'asar. Ka tuna ko ba ka tuna ba, kai ne."

Ta ci gaba.

"Na yi abin da uwata ta koya mini, abin da kowace mace a gonar nan take yi. Na tsuguna a cikin kunya, na tsinki audugar ƙasa wadda ta fara buɗewa, na cire 'ya'yan, na naɗe a tsumma na sa. Kafin magariba wuta nake ji. Kwana arba'in na yi a kwance, zazzaɓi, ruwa yana fita mini mai wari. Uwarku ta ce kambun baka ne. Aka turara ni, aka kai ni kabarin shehi, aka yanka zakara. Ba wanda ya kai ni likita, don ban gaya wa kowa abin da na yi ba. Ko ƙanenka, mijina, har ya mutu bai sani ba."

Shekarar Awatif talatin da takwas a duniya, ba ta taɓa jin ko kalma ɗaya daga wannan labarin ba.

"Daga nan ban sake ɗaukar ciki ba. Ban ce audugar ce ba, Allah ne masani, ba a duba ni ba balle a ce. Amma ni na kwanta, ni na san daga ranar da abin ya fara. Na rufe bakina duk shekarun nan don kar namiji ya ji ƙazanta. To ga shi na tsufa, ban ga abin da rufewar ta ba ni ba."

Ta ɗaga audugar da ke hannunta.

"Da a ranar akwai wannan a aljihuna, da wataƙila da wani sunan kake kira na. Ke kuma," ta juya ga Awatif, "laifinki ɗaya, da kika ce asibiti. Da kin gaya mini gaskiya da tun shekarar farko ina gonar ina tsintar tsutsa."

Hawaye suka zubo wa Awatif, ba ta share ba.

"Janye taraktarka, Metwalli."

"Ummu Awatif, girman dangi..."

"Ba ni kaɗai abin ya samu ba a shekarun nan. Mu biyar ne da na sani. Ka janye, ko in fara kiran suna a nan. Da Hajja Inshira zan fara, tunda ita ce a ɗakinka."

Wani tsoho a cikin mazan ya ajiye kofinsa a ƙasa ya juya ya tafi. Wani ya bi shi. Hajj Metwalli ya tsaya yana huci, ya dubi hagu ya dubi dama bai ga wanda zai tsaya masa ba. Ya tattare jallabiya ya hau tarakta. Sau uku yana murza makulli kafin ta tashi, kuma duk sau ukun Sabrin ta ƙirga masa da ƙarfi.

Tarakta ta ja baya ta ba da hanya. Bai tafi ba dai, ya tsaya a gefe yana kallo.

Guɗa ta ɓarke. Mata suka rungume Tafida tana ture su tana cewa fatir zai huce. Doktora tana share ido da gefen mayafi. Awatif ta ji kamar an sauke mata dutse daga ƙirji, ta taka tayar mota ta hau don ta ƙara jan igiyar baya, kar buhu ya zame a hanya.

A nan idonta ya sauka a bakin wani buhu.

Shuɗin zare. Zaren leda, irin wanda ake ɗaure katan ɗin tumatir da shi.

Su ba sa ɗinke buhu da shi. Tun ranar farko Doktora ta hana, don silin leda ɗaya in ya shiga auduga ba ya fita. Da farin zaren auduga suke ɗinki, kuma ita da hannunta ta ɗinke sha takwas ɗin nan shekaranjiya. Ta ɗaga buhun kusa da shi. Shuɗi. Na bayansa, shuɗi. Na ƙarshe a kusurwa, shuɗi. Huɗu. Ta danna ɗaya da gwiwa ta ji shi tauri kamar dutse, alhali ta san yadda ta bar su, da ɗan sassauci a wuya.

An buɗe su an ƙara wani abu.

Ba wanda ya gani. Masu lodi sun juya bakin buhunan ciki. Doktora tana can tana cin fatir, direba yana jira a ce masa tafi. Takardar masu dubawa tana cikin jakar Doktora da sa hannu da hatimi. In ta ja igiya ta sauko, shi ke nan, an wuce wurin. Ta tsaya da igiyar a hannu, ta dubi uwarta a bakin dakali, har yanzu da 'yar audugar a tafinta.

"Kashe motar," ta ce wa direba.

Guɗar ta tsinke.

"Makullin ɗakin ajiya biyu ne," ta ce daga saman motar. "Ɗaya yana wuyana. Ragab, ina ɗayan?"

Ragab ya baro katanga. Tafiyar taku goma ta zame masa aiki.

"Yana wurina."

"Wa ka ba?"

"Ban ba kowa ba." Ya ɗaga ido ya sauke. "Ni ne, Awatif."

"Kai ne me?"

"Jiya bayan la'asar, da kuka tafi barkar haihuwa. Na shiga na ga buhunan ba su cika ba, wuyansu duk a lanƙwashe. Kin san ba a fitar da buhun gida haka. Mutane za su tsaya su kalla, a ce shekara uku mata suna wahala ga abin da suka samu, a ce mijinta yana gari bai iya cika mata buhu ba. Ban yi miki komai ba a gonar nan, ko ƙwan tsutsa ɗaya ban tsinta ba. Na ce bari in yi wannan."

Haka ake yi a garin tun kakanni, kowa a wurin ya sani. Buhun da bai cika ba abin gori ne. Namiji ya kan shiga ciki ya tattake, ya ciko da tasa ko ta ɗan'uwansa, kuma alheri ake kiran abin, har godiya ake yi.

"Da wace auduga?"

"Ta Yaya Gabir. Rabona na gonarmu."

"Sau nawa aka yi mata feshi?"

"Biyar. Amma na ƙarshen ya fi wata..."

"A sama ka zuba, yadda za a iya kwashewa?"

"Na zazzage na gauraya, na shiga na taka. Don kar a gane bambanci." Muryarsa ta karye. "Kin ce mini audugar asibiti ce. Na ɗauka can wanke ta suke da magani a ɗaure ciwo. Wallahi sai ɗazu da kika warware abin nan na san inda za ta shiga. Da kin gaya mini, da hannuna ya bushe kafin in taɓa."

Maganar ta same ta a inda ba ta da kariya, don gaskiya ce. Haushinsa take ji har tana jin ɗaci a harshe, amma rabin haushin nata ne.

Daga kan tarakta Hajj ya yi wata 'yar dariya. "To ga tsabtar taku. Ai sai a rufa wa juna asiri, ko? Wa zai sani?"

"Ni," in ji Awatif. "Sabrin, ba ni wuƙa."

"Awatif, buhu huɗu fa. Gumin mu tara ne a ciki."

"Na sani, ina wurin aka yi gumin. Wata tana can ba ta san mu ba, za ta karanta sunan garinmu ta yarda ta sa a jikinta. Ba ni wuƙar."

Sabrin ta miƙa mata. Ta yanke igiya, ta turo buhun farko da ƙafa, ya faɗo ƙasa tim. Na biyu. Na uku. Na huɗu ya fashe a gefe, auduga ta bazu a turɓaya, fara tas, ba mai iya cewa ga ta Gabir ga tasu. Ɗaya daga cikin matan ta juya baya tana kuka. Tafida ta gyaɗa kai.

"Ga su nan, Baffa, kai su a yi riga. Doktora, sha huɗu ne namu. Ki rubuta sha huɗu."

Doktora ta riƙe hannunta ta matse, ta shiga mota. Awatif ta sake ɗaure igiya ta diro. Motar ta tashi, ta bi ta gaban taraktar Hajj a hankali, ta fita lungun. Matan suka bi ta da ido, ba guɗa wannan karon, amma kowacce kanta a ɗage.

Awatif ta juyo za ta shiga gida sai ta ga Ragab ya durƙushe a gindin katanga, ya riƙe kai da hannu biyu.

"Tashi," ta ce. "An gama. Huɗu ne, za mu rayu."

Bai tashi ba.

"Ragab."

"Ba huɗu ba ne." Da ƙyar ta ji shi. "Zaren ne ya ƙare mini a na huɗun ƙarshe, na ɗauko na tumatir. Sauran sha huɗun da farin zarenku na ɗinke."

Motar ta riga ta kai kwanar masallaci.

Awatif ta cire takalmanta don ta bi motar a guje.